Yadda Za Ka Zaga Birnin Kano da Ƙafa, Daga Dala Har Tsofaffin Gidajen Silima

Kafin ka nemi takalmi ko gorar ruwa, nemi dattijo. Duk wanda ya ce in nuna masa yadda ake zaga birnin Kano, wannan ne sharaɗina na farko, domin rabin abin da za ka je gani ba ya tsaye a yanzu. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, gidajen silima kuma galibi sunansu ne ya rage a bakin 'yan adaidaita sahu. Mutumin da ya haura shekara 65, wanda ya tashi a cikin gari ko a Fagge, shi zai tsaya a gaban wani jerin shaguna ya ce maka nan ne ƙofar shiga, can ne bangon da ake haska fim. Kawunka ne, ko maƙwabci, ko wani daga cikin 'yan majalisar ƙofar gidanku, ka je masa da goro ka durƙusa ka ce, "Baba, so nake ka raka ni ka nuna mini garin nan yadda ka san shi." Da wuya ya ƙi. Sai dai ka tausaya wa gwiwarsa: kada ka sa shi hawan Dala, ku yi alƙawarin haɗuwa a bakin Kurmi da hantsi, sannan ka ɗauki adaidaita shata don wuraren da ke da nisa.

Lokacin da na fi so shi ne kaka, watan Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, lunguna sun bushe, hazo bai sauko ba tukuna. Da hunturu akwai daɗin tafiya, amma idan ka hau Dala ƙura ce za ta tare maka gari. Da bazara kuwa ban ba ka shawara ba sam. Ka zaɓi ranar aiki, ban da Juma'a, saboda tun kafin azahar hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suke cika. Ka sa tufafin mutunci da hula, mace ta yafa mayafi ko ta sa hijabi, takalmi kuma wanda ba ya wahalar cirewa, don za ka cire shi ba sau ɗaya ba. Ka riƙe canji a aljihun gaba.

Fara da Dala, da an idar da sallar asuba gari ya soma wayewa. Akwai matakala ta siminti har sama, ka hau a hankali. Idan ka kai, kada ka yi saurin ciro waya, tsaya ka gane gabas da yamma tukuna. Ga Goron Dutse can ta yamma. Ta kudu maso gabas za ka hango koriyar ƙubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa biyu, bayansa kuma itatuwan gidan Sarki. Tsakaninka da masallacin, inda rufin kwano ya cunkushe, nan ce Kurmi. Hanyar da za ka bi ke nan yau, ka zana ta a kanka. A gindin dutsen nan aka fara zama, masu binciken ƙasa sun samu alamar narka tama da ta kai wajen ƙarni na 7. A nan Barbushe yake hawa wurin Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda wanda tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a 999. Bajamushen nan Barth da ya zo a 1851, daga kan dutsen nan aka zana hoton garin da ya shiga littafinsa. Har gobe, ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya cika dutsen suke yi.

Da ka sauko, bar titi ka shiga lungu. A nan ne mutane da yawa suke ɓata tafiyarsu, don sun ɗauka gidan tarihi suka shigo. Unguwa ce, gidajen mutane ne, akwai matan aure a ciki. Duk majalisar da ka wuce ka yi sallama. Kada ka leƙa zaure ba izini, kada ka ɗauki hoton mace ko na almajirai a makarantar allo ba ka tambayi malaminsu ba. In ka ɓata, matambayi ba ya ɓata: "Salamu alaikum, Malam, don Allah ina ne hanyar Kurmi?" Sau da yawa yaro za a haɗa ka da shi. Ka riƙa ɗaga kai kana duba tsofaffin soraye, zanko a kusurwar rufi, indararo da ke zubar da ruwan sama, dagi da sauran zane a fuskar zaure. Inda katanga ta tsage, matsa kusa ka ga tubalin, an mulmula shi da hannu kamar babban curin fura da aka ja wa kai, an jera shi tsinin yana sama, an cike tsakani da ƙasa. Idan ka yi sa'a maigida ya ce ka shigo zaure, dubi rufin azara da bakan gizon da ke ɗauke da shi. Za ka ji sanyin da babu shi a ɗakin bulo.

Kurmi ta samo asali ne daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma sunansa zai yi ta bin ka har yamma. Nan ayarin raƙuma suke sauke gishiri da kanwa da hajar Larabawa, su ɗauki jemammiyar fata da baƙin rini su tsallaka Sahara. An sayar da bayi ma a kasuwar nan, wannan ma tarihinmu ne, kuma ya kamata a faɗa wa yaro in ka zo da shi. Hanyoyin ciki matsattsu ne ƙwarai. Bi hancinka zuwa 'yan turare, daga nan ka nemi dukawa masu jaka da titimi da kube, da masu kayan doki, linzami da sirdi da jalala, da masu littattafan addini da allo da tawada. Wani saurayi zai maƙale maka ya ce zai yi maka jagora. In kana so, ku yi tsada tun farko, in ba ka so, ka ce masa "Na gode, ina tare da Baba." Ka taya kaya da fara'a, kuma ko yaya ka sayi wani abu. Mutanen nan sana'a suka fito, ba su zo don a kalle su ba.

Yanzu sai ka ce wa dattijonka ya kai ka Jakara, inda silimar Palace take a da. A nan nake so ka daɗe.

Gidan silima na farko da aka gina don kallo kawai a Kano shi ne Rex, a 1937, can wajen Sabon Gari, kuma Kwarori ne suka riƙe harkar a farkonta. Muddin abin yana Waje, mutanen birni suna ganin ba ruwansu, wurin baƙi ne da giya da 'yan iska. Sai ga shi ran 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum fiye da 300 suka rasu. Gwamnatin Turawa ta kafa kwamitin bincike, amma a bakin jama'a hukuncin ya riga ya fita, cewa fushin Allah ne ya sauka a kan masu kallon dodon bango. A cikin wannan yanayi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Palace a cikin ganuwa, dab da Kurmi. Malamai da dattawa da yawa ba su so ba ko kaɗan. Ta yi shekara wajen 30 tana aiki, sunanta yana ƙara ɓaci da shaye-shaye da rigingimun samari, har Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta a 1983 ya mai da wurin asibiti.

Ka tsaya gefe inda ba za ka tare wa marasa lafiya hanya ba, ka bar Baba ya yi magana. Kada ka tambaye shi shekara, ba ita ya riƙe ba. Tambaye shi nawa ne kuɗin shiga, wa yake ba shi, ta ina yake sulalewa daga gida bayan lisha, wa ya taɓa kama shi. Wani dattijo da na taɓa rakawa ya tsaya ya nuna mini da sandarsa daidai inda masu rake da gyaɗa da dafaffen ƙwai suke jera fitilunsu na aci-balbal. Ya ce tagar sayar da tikiti 'yar ƙarama ce, hannu kawai ke shiga, ba ka ganin fuskar mai karɓar kuɗi, kuma wanda ba shi da ƙarfin turereniya sai ya sayi nasa a hannun 'yan waje da ƙari. Yana cikin ba ni labari sai ya yi shiru, ya ce mahaifinsa har ya rasu bai san ya taɓa taka wurin ba. Irin wannan ba ya cikin kowane allon bayani, kuma in mai shi ya tafi ya tafi da shi. Ka roƙi izini ka naɗi muryarsa a waya.

Ni ina ganin dattawan da suka ƙi Palace suna da hujjarsu, samarin da suka cika ta ma suna da tasu. Ban ga dalilin ɓoye ɗaya don a wanke ɗaya ba. Daga waɗannan bencina ne waƙar Indiya ta shiga kunnen Bahaushe, kuma wanda bai san wannan ba ba zai gane inda finafinan Hausa na yau suka ɗauko rawa da waƙa ba.

Kafin ku bar Jakara ku ci gurasa. Unguwar ta yi suna a kanta. Ka ce a yi muku bandashe, a yayyafa ruwa a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir.

Daga nan ku miƙe kudu zuwa babban masallaci. Ginin da kake gani na farkon shekarun 1950 ne, shi ma zamanin Abdullahi Bayero, ya maye gurbin tsohon masallacin ƙasa mai doguwar hasumiya. In azahar ta yi, ku yi salla a nan. Ka tuna da bayin Allah da aka kashe a harin ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, ka yi musu addu'a. Gidan Sarki yana jingine da masallacin ta kudu. Rumfa ne ya gina shi, shi ya sa ake ce masa Gidan Rumfa, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki. Ku zagaya ta Ƙofar Kudu, filin da ake jahi ranar Hawan Daushe. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Fada ba wurin kutsawa ba ce. Ka gai da dogarai, ga su nan da riga da rawani ja da kore, ka faɗi abin da ya kawo ka, inda suka ce ka tsaya ka tsaya. In wani hakimi ya zo wucewa, ka rusuna ka ɗaga hannu ka ce "Ranka ya daɗe." Ka tambayi Baba kuma labarin majigi, wato fim ɗin kyauta da motar gwamnati take kawowa filin ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a kafa farin ƙyalle a nuna noman gyaɗa da auduga da tsabtar gida. Shi majigi ba a ɗauke shi abin kunya ba, har yara ake bari su je.

Gidan Makama yana nan kusa, tsallaken titi. A nan Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gado, Turawa ma sun yi ofis a ciki bayan sun ci gari a 1903, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne na gwamnatin tarayya. Ana biyan ɗan kuɗin shiga. Ka nemi ma'aikacin da zai zaga da ku, ka kuma yi masa ihsani in kun gama. Akwai sulke da lifidi da kwalkwali, da tsofaffin hotuna, da ɗakin amarya da jerenta, da bayanin jihadi da na yaƙin basasar Tukur da Yusufawa da aka fara a 1893. Abin da nake so ka taɓa da idonka sosai shi ne tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ka ga yadda maƙera suka jera faifan ƙarfe suka dasa ƙusoshi. Riƙe surarsu a kai, za ka bukace ta in ka je ganuwa.

Sai Ƙofar Mata. Ku bi titin da ya wuce ta gaban asibitin Murtala, marinar tana dab da ƙofar ta ciki, kuma tun 1498 ake lissafa ta. Warinta zai riga ganinta isowa gare ka. Ramuka ne jere a ƙasa, zurfinsu ya fi tsayin mutum, an shafe cikinsu da laso, simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin karofi. Da yawa sun bushe an bar su, kaɗan ne ke aiki. Ana zuba ruwa da toka da baba a bar su su ruɓa kwana da kwanaki, ana motsawa da dogon muciya har kumfa mai shuɗi ta taso. Ka tsuguna kusa da marini, bayan ka ce "Sannunku da aiki," ka zuba wa hannunsa ido. Zai tsoma farin ƙyalle ya juya shi a ciki, ya ɗago. A wannan lokacin ba shuɗi ba ne, kore-kore ne. Yana riƙe da shi a iska yana warware shi, a gaban idonka zai rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda yake so, daga shuɗi mai haske zuwa wanda ya kusa baƙi. Ƙullin da ke jikin zanen, wanda in an kwance yake fitar da zobba da taurari, yawanci mata ne suke yin sa a gida da zare.

Kada ka tafi ba ka shiga wurin mabuga ba. Suna zaune a 'yar rumfa, gungumen itace a tsakaninsu, kowa da mabugi mai nauyi, suna dukan riga ko zane ɗaya na sauka ɗaya na tashi har ya yi sheƙi ba tare da dutsen guga ya taɓa shi ba. Ka sayi ko da ɗan kwali ne. Ka ware shi daban a wankin farko, zai zuba.

In la'asar ta yi, lokacin shata ya yi. Ku fita ta Ƙofar Mata, ga filin Idi, ga Kantin Kwari, ku nufi Ƙofar Wambai inda silimar Orion take, sannan Fagge wajen silimar Plaza. Ka ce wa mai adaidaita "Wapa" ka ga ko zai tambaye ka ina ne. Yau 'yan canji ne suka cika wurin, yaran da ke kirga dala da riyal a bakin titi da yawansu ba su san gidan kallo ne ya bar musu sunan ba. Akwai kuma Eldorado, da Queens, da Sheila, da Marhaba can wajen Farm Centre. Ba sai kun je duka ba, ku je waɗanda Baba ya shiga da ƙafarsa. Yawancinsu ba su da rufi, fili ne da katanga doguwa da farin bango a gaba, shi ya sa sai duhu ya yi ake farawa, in hadari ya taso kuma kowa ya san inda dare ya yi masa. Kujerun baya sun fi tsada, na gaba benci ne na masu ƙaramin ƙarfi, kuma su ne masu ihu in jarumi ya fara duka. Fim ɗin Indiya ne sarki, sai na kaboyi da na 'yan Sin masu faɗa. Maza ne ke zuwa, macen da aka gani a ciki sunanta ya ɓaci a unguwa. Kaset ɗin bidiyo ya fara janye mutane zuwa gida, sannan a Disambar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jiha ta dakatar da harkar fim ta rufe gidajen kallo, a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai. Wasu sun sake buɗewa, amma kasuwar ba ta koma yadda take ba. In kun isa wuri kun tarar da mai gadi ko masu shago, ku gabatar da kanku, ku ce tarihin wurin kuke bi. Kada ku ɗaga waya a Wapa ba ku nemi izini ba, wurin kuɗi ne, ba a son haka.

Ganuwa da Gidan Ɗan Hausa ka ware musu wata safiyar daban, kada ka gajiyar da dattijo. Gidan Ɗan Hausa yana Nassarawa, nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909, kuma ginin ƙasa ne da ya cancanci a zauna a kalle shi. Daga can ka ɗauki titin BUK. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar, Rumfa da wasu sarakunan bayansa suka faɗaɗa ta. Za ka wuce Sabuwar Ƙofa, da Ɗan Agundi, da Na'isa wadda aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi aka sake gina ta, da Gadon Ƙaya, da Famfo, da Dukawuya, har Kabuga. Ƙofofin da mota ke bi yanzu sabon gini ne, saboda haka ka sauka ka nemi guntayen tsohuwar katangar a tsakaninsu, ka tsaya a gindinta ka ga kaurinta, ka ga kududdufan da aka haƙi ƙasarta. Kada ka hau kanta, kada ka bar yara su hau, ƙafa tana zubar da ita kamar yadda ruwa yake yi. Ta Kabuga sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Mahaɗar Kabuga akwai cunkoson motoci, don haka ka sa mai adaidaita ya sauke ku tun kafin ku kai, ku ƙarasa da ƙafa ta gefen ganuwar.